Koyar da Balaga da Insha'i a Ƙasar Hausa

Koyar da balaga da insha'i fanni ne na karantarwa wanda yake horar da ɗalibi ya gane yadda magana take tasiri a zuciyar mai sauraro, sannan ya yi amfani da hakan a rubutunsa. Kalmomin biyu aro ne daga Larabci.

Asali

Tun kafin zuwan boko ana karanta balaga a makarantun zaure, bayan ɗalibi ya yi nisa a nahawu. An kasa ta gida uku: ma'ani, mai duba dacewar magana da muhallinta, bayani, mai duba kamance da aron ma'ana, da badi'i, mai duba ƙawata lafazi. Cikin littattafan da ake karantawa akwai Uƙudul Juman na Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, da Jauharul Maknun na Al-Akhdari.

A makarantun boko

A darasin Hausa na sakandare da jami'a, adon harshe ne ya ɗauki wannan matsayi. Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, Kano, yana cikin malaman da suka tsara hanyar feɗe waƙa, inda ake duba jigo da zubi da tsari da salo. A ƙarƙashin salo ake koyon kamance da siffantawa da mutuntarwa da kambama.

Yadda darasi yake gudana

Malami yakan fara da matani, misali waƙar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Ɗalibai su tantance wane ne mai magana, wa yake nufi, kuma da wace dabara ya ja hankalinsa. Daga nan sai su rubuta nasu: insha'in labari ko na bayani ko na muhawara ko wasiƙa, mai gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa.

Ƙalubale

A arewacin Zamfara, wato Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da garuruwa irin su Gurbin Ɓore, ɗalibi yana tasowa da karin harshen yamma. Yakan ce "hwari" da "shina zuwa", alhali jarrabawar WAEC da NECO tana neman daidaitacciyar Hausa: "fari" da "yana zuwa". Saboda haka mai hujja mai ƙarfi yana iya rasa maki kan ƙa'idojin rubutu. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa karinsa ba kuskure ba ne, sai dai kowane kari da muhallinsa, wanda shi ne ainihin darasin ma'ani.