Miya Babu Daddawa

Akwai wata mai tuwo a Tudun Wadar Zariya, can wajen hanyar Kongo, da na daɗe ina cin tuwonta. Da tsadar cefane ta matsa mata, ba ta rage malmala ba. Man shanu ta fara janyewa. Daga nan nama ya koma tsoka ɗaya tilo, sai ka yi ta lalube. Ran nan na kai loma sai na ji miyar kukar lami. Na ce, "Hajiya, yau kuwa lafiya?" Ta ce, "Malam, ai daddawa ba ta cika ciki." Gaskiyarta, ba ta cikawa. Amma kafin wata biyu bencinta ya zama wayam, samarin sun koma teburin mai shayi suna cin Indomie da ƙwai.

Ita nake tunawa duk sa'ad da na ji wani gidan jarida ya sallami marubutan wasanni don rage kashe kuɗi. A watan Yulin 2023 jaridar New York Times ta Amurka ta rushe sashenta na wasanni kacokan, ta miƙa aikin ga The Athletic, kamfanin da ta saya a 2022 kan dala miliyan 550. A farkon 2024 kuma aka aika wa ma'aikatan mujallar Sports Illustrated takardun sallama. Lissafin masu gidan bai bambanta da na Hajiya ba: ci nawa aka tashi, wa ya zura, wa ya samu jan kati, duk yaro ya gani a wayarsa tun alƙalin wasa bai sauke usur daga baki ba. To me zai sa a biya mutum albashi ya sake faɗa washegari?

Mu a Zariya ba sai an ba mu labarin mutuwar jarida ba, a gabanmu aka yi jinyar. A nan aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, wanda har yau unguwa guda take amsa sunansa, taku kaɗan daga Tudun Wada. Daga nan Nigerian Citizen ta fito a 1948, ita ce kuma ta rikiɗe ta zama New Nigerian a Kaduna a farkon 1966, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin inuwarta. Tukunyar da ta ciyar da Arewa shekara da shekaru ke nan. Ƙarshenta kuwa kowa ya sani: ta koma hannun gwamnonin Arewa, albashi ya riƙa maƙalewa, injin ya yi shiru, tsofaffin ma'aikata suka shiga zaryar neman haƙƙinsu. Abin taro, kowa na jiran wani ya hura wuta.

Abin da masu lissafi suke mantawa shi ne yadda ake cin jarida. Duk wanda ya taɓa tsayawa teburin mai sayar da jarida ya san daga baya ake buɗe ta. Masu karatun kyauta, waɗanda mai jaridar ke harara amma ba ya kora, shafin ƙwallo suke fara dubawa, a yi musu, a tada jijiyar wuya, sannan a juyo gaba a ga abin da gwamnati ta ce. Ni kaina ta ƙofar baya na shiga karatun jarida. Ban je neman sharhin edita ba. Ƙamshin miya ya ja ni, na wayi gari ina cin tuwon.

Kuma marubucin wasanni na gari ba sakamako yake sayarwa ba. Shi ne wanda ya zauna a rana a filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna yana kallon Ranchers Bees, ya san wane ɗan wasa ne aka hana kuɗinsa, wane koci ne ake shirin kora, wane yaro ne daga wasan unguwa ya isa a sa masa ido. Yana da ra'ayi, wani lokaci mai wari kamar ita daddawar, har ka ji haushinsa, amma gobe ka sake nemansa. Irin wannan hannun girki ba a kwana ɗaya ake samunsa ba, ita ma kalwa sai an dafa, an wanke, an rufe ta kwanaki kafin ta zama abin sawa a miya.

Yanzu Indomie muke ci. Ban raina ta ba, tana da sauri, tana maganin yunwa, ni ma nakan shiga gidan kallo ran da Arsenal ke wasa. Sai dai ɗanɗanonta ɗaya ne a Zariya da Legas da Landan, don a wata masana'anta aka haɗa ta. Yaron Tudun Wada zai jero maka 'yan benci na Real Madrid, amma tambaye shi Raccah Rovers ta Kano, ko shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofin lig sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sai ya sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne. Wasan da aka buga jiya a filin makarantar unguwarsu, in ba wani ya ɗora hoto a Facebook ba, ko'ina ba a rubuta shi ba.

Jaridar Aminiya, wadda ta fara fitowa a 2006, da 'yan'uwanta na Hausa suna nan suna riƙe da murhu, Allah Ya ƙara musu itace. Hajiya ma ta dawo da daddawarta tun bara. Na koma, dattawa biyu-uku sun koma. Samarin dai har yanzu suna wurin mai shayi, kowa da wayarsa a hannu.