Yadda Ake Gano Tarin Fuka a Cikin Ido

Ƙwayar cutar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, ba a huhu kaɗai take zama ba. Takan bi jini ta sauka a ido, musamman a wata shimfiɗa ta ciki mai yawan jijiyoyin jini, ta haddasa kumburi. Ido ya yi ja, haske ya riƙa damun mutum, gani ya dushe, wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo su riƙa yawo a gabansa. Da yawa daga masu wannan larura ko tari ba sa yi, shi ya sa ake ɗauka afolo ce.

Wahalar likita ita ce da wuya a kama ƙwayar kanta. Kaɗan ce ƙwarai a cikin ido, kuma ba kasafai ake yanko naman ido a kai ɗakin gwaji yadda ake kai kaki ba. Ko an zuƙo ɗan ruwan ido da allura an yi masa gwajin PCR, sau da yawa ba ya nuna komai alhali cutar tana nan.

Don haka sai a tara shaidu, kamar yadda alƙali ke yi. Likita zai ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, ya leƙa da na'ura, ya nemi ƙananan ƙulluttai masu launin rawaya a can baya, ko kumburin jijiyoyi. Sai gwajin fata na Mantoux, wanda ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72, ko gwajin jini, da hoton ƙirji. Amma a nan ma akwai tarko: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shigarsu, galibi tana kwance ba ta cutar da su. Don gwaji ya nuna ta, wannan bai isa hujjar cewa ita ta kumbura idon ba. Dole a tabbatar ba tunjere ba ne ko wata cuta mai kama da ita, a kuma duba ƙanjamau.

Wani lokaci maganin ne shaidar ƙarshe. A fara ba da magunguna huɗu na tarin fuka, in kumburin ya lafa, zato ya tabbata. Shan maganin ba ya gaza wata shida.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saye a kemis. Yana kwantar da jan ido, amma yana raunana garkuwar da ke riƙe ƙwayar. Duk wanda idonsa ya yi ja tare da dushewar gani, ya nufi likitan ido kafin ya ɗiga komai, ya kuma faɗa masa in akwai mai tarin fuka a gidansu.