Abubuwan da ya kamata ka sani game da fim ɗin silaid, daga ɗauka zuwa sikana

Wanda ya yi zamani da masu wankin hoto ya san negetif, ledar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa wadda baƙi ke fitowa fari a cikinta, sai an buga ta a takarda kafin a gane mai hoton. Silaid ya sha bamban. Fim ɗin da ka ɗura a kyamara shi ne zai fito daga wanki da launinsa cif. Ka ɗaga shi a haske ka ga shuɗin sama da jan ƙasa, ko a sa shi cikin ɗan firam mai faɗin santimita 5 a haska shi da majigi a bango.

Asalinsa

Kamfanin Kodak ya fito da Kodachrome a 1935, kuma makaɗa biyu ne suka ƙirƙiro shi, Leopold Mannes da Leopold Godowsky. Da shi Steve McCurry ya ɗauki hoton yarinyar nan 'yar Afghanistan mai koren ido, wanda mujallar National Geographic ta sa a bangonta a Yunin 1985. Wankinsa yana da wahala ƙwarai. Kodak ya daina yin sa a 2009, sannan gidan wanki na ƙarshe, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010.

Waɗanda suka rage su ne waɗanda ake wankewa da tsarin da ake kira E-6: Ektachrome E100 da Kodak ya dawo da shi a 2018, da Provia da Velvia na Fujifilm. Velvia, wanda ya fito a 1990, yana cika launi har ya yi zau, shi ya sa masu ɗaukar duwatsu da dazuzzuka ke son sa. Ni dai ba zan ɗauki fuskar mutum da shi ba, domin yakan sa fata ta yi ja.

Inda wuyar take: haske

Masu hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki ninkin na ƙasa da shi. Negetif yana da haƙuri: ko haske ya yi yawa da mataki biyu, mai bugawa zai gyara. Silaid kuwa abin da yake iya riƙewa tsakanin duhu da haske bai wuce mataki biyar zuwa shida ba, kuma kuskuren rabin mataki ma ido zai gani. Wurin da haske ya ƙone, leda ce zalla za ta rage, babu komai a jikinta.

Ɗauki misalin hawan sallah da rana tsaka: mahayi cikin farar babbar riga da farin rawani, fuskarsa a inuwar rawanin. Ka auna fuskar, aikin rigar ya wanke tas. Ka auna rigar, fuska ta nutse. Dabarar ita ce a auna wuri mafi haske da ake son zanensa ya fito, a ƙara masa kamar mataki ɗaya da rabi, a bar inuwa ta faɗa inda ta faɗa. Wanda ya fi wannan kuma shi ne a jira hantsi ko la'asar sakaliya, ko a haska fuskar da ɗan filasha. Idan hoton mai muhimmanci ne, a ɗauka sau uku: daidai awo, rabin mataki sama, rabin mataki ƙasa. Fim zai ƙare da wuri, amma gara asarar firam biyu da asarar hoton.

Zafi maƙiyin fim ne. A ajiye sabo a firji, a bar shi cikin gwangwaninsa ya huce sanyi kafin a buɗe. A filin jirgi kuma a roƙi a duba shi da hannu, don sababbin injinan leƙa kaya suna lalata shi.

Shigar da shi kwamfuta

A nan ne da yawa ke karaya, don hoton da ya burge su a kan fitila sai ya fito a dushe. Dalili shi ne duhun silaid yana da kauri, kuma ƙaramar sikana ba ta iya ratsa shi, sai inuwa ta zama baƙin dunƙule mai yashi-yashi.

Hoton da ke jikin fim ɗin milimita 24 da 36 ne kacal. Sikana ta musamman irin Nikon Coolscan, mai ɗigo 4,000 a inci, tana fitar da kusan megafiksel 21 daga gare shi, sai dai an daina ƙera ta. Plustek na nan a kasuwa. Sikana mai shimfiɗa irin ta Epson ta fi dacewa da babban fim. Yanzu mutane da dama sun koma ɗora silaid a kan fitila mai farin haske, su ɗauke shi da kyamarar dijital da gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa. Hanyar tana da sauri, kuma a ganina ta fi ratsa inuwa. Kowace aka bi, a adana asalin fayil a TIFF mai bit 16, a ajiye silaid ɗin kusa ana kwatanta launi da shi.

Sai ƙura, musamman da hunturu. A hure ta da robar hura iska, kada a goge da gefen riga. Wasu sikanoni suna gano ƙura da hasken infrared su share ta, abin da ake kira Digital ICE. Yana aiki a fim ɗin E-6, amma a Kodachrome yakan ɗauki zanen hoton a matsayin datti, don haka a kashe shi.

Tsofaffin da ke cikin akwati

Kodachrome da aka ajiye a duhu yakan riƙe launinsa shekaru masu yawa, hasken majigi ne ke kodar da shi. Tsohon Ektachrome kuwa yakan rine ya yi ja ko a duhun ne, kuma danshin damina na sa fumfuna ta ci fuskarsa. Waɗannan za a fara sikanin su. Kafin a cire kowane daga firam ɗinsa, a kwafe abin da aka rubuta a jiki, suna da wuri da shekara, a sa cikin sunan fayil, sannan a mayar da silaid ɗin wuri busasshe mai sanyi.