Tashar Rahama, Wadda Jirgi Ya Daina Zuwa

'Yan'uwana ɗalibai, mu nan Ngurore da Yola ba mu da jirgin ƙasa, har wasu kan ce da ya zo da mun huta. To, bari in ba ku labarin tashar Rahama, tsakanin Zariya da Jos.

A dā 'yan dako ke ɗaukar kuza a ka daga tudun Jos. Saboda haka Turawa suka shimfiɗa wata siririyar hanyar jirgi daga Zariya, faɗinta ƙafa 2 da inci 6 kawai. Ta isa Rahama a 1912, ta kai Bukuru a 1914. Aka sa mata sunan Bauchi, don Jos tana cikin Lardin Bauchi a lokacin.

Amma a 1927 babbar hanya ta isa Jos ta Kafanchan, kuza ta koma bin ta zuwa Fatakwal. A 1957 aka rufe ƙaramar, tashar Rahama ta mutu.

A ganina, hanyar da aka yi don kaya iri ɗaya ba ta daɗewa. In za mu roƙi jirgi a Adamawa, sai mu fara tambayar kanmu, me zai ɗauka?