Ƙaimi da Linzami a Ƙwaƙwalwar Ɓera

Duk wanda ya taɓa sauraron hirar waɗanda suka san tabar wiwi, ko da daga nesa ne, ba zai rasa jin saɓanin da ke cikin riwayoyinsu ba: wannan ya ce ita ce ke kwantar masa da hankali, wancan kuwa ya rantse cewa ranar da ya zuƙe ta gabansa ya yi ta dukan uku-uku har ya zaci ajali ne ya iso, wani ta buɗe masa ciki ya tashi da tuwon mutum uku, wani kuwa ko ƙanshin abinci bai so ji ba. Jama'a kan jingina wannan ga bambancin jini ko ƙarfin kai, su wuce. Amma ma'abuta ilmin ƙwaƙwalwa, bayan bahasi na shekaru masu yawa wanda mafi yawansa a kan ɓeraye aka yi shi, sun tabbatar da cewa irin wannan saɓani yana iya aukuwa a cikin kai guda, gwargwadon irin ƙwayar halittar da sinadarin ya sauka a kanta.

Asalin al'amarin yana komawa ga wani malamin kimiyyar haɗa magunguna a Isra'ila, Raphael Mechoulam, wanda ya roƙi 'yan sanda suka ba shi kilo 5 na hashishin da suka kama, watau ƙaron tabar wiwi, ya sa a jaka ya shiga motar haya da shi, fasinjoji suna ta tambayar juna ko warin mene ne wannan. A shekarar 1964 shi da abokin aikinsa Yechiel Gaoni suka tace sinadarin da ke sa maye, wanda ake taƙaita sunansa da THC. Sai dai sanin mabuɗi daban, sanin kwaɗon da yake buɗewa daban, kuma sai da aka kai 1988 kafin Allyn Howlett da ɗalibinta William Devane, a birnin Sen Luwis na Amurka, suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani makarɓi na musamman wanda THC ke shiga cikinsa daidai wa daida. A 1990 aka karanta tsarin halittarsa, daga bisani aka raɗa masa suna CB1. Nan fa mas'ala ta taso, domin hankali ba zai karɓi cewa an halicci kwaɗo a kan ɗan Adam da dabba saboda wani ganye da ke tsiro a daji ba. Jawabin ya zo a 1992, sa'ad da aka tsamo daga ƙwaƙwalwar alade wani sinadari da jiki da kansa ke ƙerawa, aka kira shi anandamaid, daga wata kalmar Sanskirit mai ma'anar ni'ima. A 1995 aka sami na biyu, watau 2-AG. Ashe mabuɗin na gida ne, wiwi kuwa baƙo ne da ya zo da irinsa.

To, mene ne aikin kwaɗon? Ƙwayoyin jijiya suna magana da juna ta wurin fesa sinadari a wani ɗan siririn rata da ke tsakaninsu, kuma a bisa al'ada zancen hanya ɗaya yake bi, daga mai faɗa zuwa mai ji. A 2001 aka tahaƙƙaƙe cewa sinadaran nan na gida baya suke komawa: idan magana ta yi wa mai ji yawa, sai ya ƙera su nan take, ya aika wa mai faɗa, su shiga CB1 ɗinsa, ya rage murya, tamkar almajirin da karatu ya yi wa sauri ya ce wa malam a sassauta. Amma masu faɗar nan iri biyu ne, kuma a nan hikimar take. Akwai masu fesa gulutamet, waɗanda aikinsu zuga ne, kamar ƙaimi a cikin doki. Akwai kuma masu fesa GABA, waɗanda aikinsu tsayarwa ne, kamar linzami. Idan aka sassauta ƙaimi doki ya lafa, idan kuwa linzami aka sassauta sai ya zabura, alhali kuwa umurnin da aka bayar guda ne, watau a sassauta.

Hanyar da aka bi aka ga wannan a zahiri ita ce renon ɓerayen da aka cire wa CB1 tun daga ƙwayar gado, abin da aka fara samu a 1999. Jarrabawar da ta fi kama hankalina ita ce wadda Giovanni Marsicano da Beat Lutz da abokan aikinsu suka wallafa a 2002, daga cibiyar Max Planck da ke Myunik a Jamus. Akan sa ɓera cikin wani ɗan akwati mai daɓen ƙarfe, a busa masa wani sauti, a biyo shi da ɗan jan lantarki a tafin ƙafa. Kashegari, da zarar ya ji sautin, sai ya ƙame wuri guda, ba abin da ke motsi a jikinsa sai numfashi, mai lura kuwa yana riƙe da agogo yana ƙirga daƙiƙun da ya yi a sandare. Ɓera mai cikakkiyar halitta, idan aka yi ta maimaita masa sautin ba tare da lantarki ba, sannu a hankali yakan saki jiki, ya koma shinshine-shinshinensa da gyaran gashin baki. Wanda ba shi da CB1 ya koyi tsoron sarai kamar ɗan'uwansa, babu nakasu a fahimtarsa, amma sakin tsoron ya yi masa wuya ƙwarai; kwanaki suna wucewa, sautin na tashi, shi kuwa yana nan a ƙame yana jiran azabar da ta riga ta ƙare. Da aka auna, sai aka ga sinadaran nan na gida suna ƙaruwa a cikin amigdala, watau sashen da ke kula da tsoro, daidai lokacin da ake maimaita sautin. Mun saba ɗaukar sakin tsoro a matsayin rauni na tunani, ko abin da zamani ke yi da kansa; a ɓera dai aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi da kayan aiki na musamman.

Daga nan sai dabara ta ƙara zurfi, aka iya cire makarɓin daga jinsi ɗaya na ƙwayoyi a bar shi a sauran. CB1 ya fi yawa nesa ba kusa ba a kan ƙwayoyin linzami, saboda haka ƙiyasi ya nuna su ne za su fi tasiri. Amma da aka ba ɓerayen sinadari mai tayar da farfaɗiya, waɗanda aka cire wa shi daga ƙwayoyin ƙaimi, inda yake ƙalilan, su ne suka fi jigata. A 2010 kuma, a Bordo ta Faransa, aka nuna cewa THC kaɗan yana ƙara wa ɓera mai yunwa cin abinci ta wajen ƙwayoyin ƙaimi, idan kuwa aka ƙara adadin sai ya rage masa ci ta wajen ƙwayoyin linzami. Haka nan aka samu game da fargaba: kaɗan na kwantar da ita, mai yawa na tayar da ita, kowanne da ƙofar da yake bi.

Abin da ya fi ba malaman mamaki bai fito daga ƙwayoyin jijiya ba sam. A ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, astirosait, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon barori, masu kawo abinci da share gida, ba su da ta cewa a majalisa. A 2012 Marsicano da Xia Zhang na Otawa a Kanada suka ba ɓeraye THC, suka jarraba irin tunanin nan na ɗan lokaci, wanda mutum ke riƙe saƙo da shi daga ɗaki zuwa zaure. Waɗanda aka cire wa CB1 daga ƙwayoyin ƙaimi sun ruɗe, na linzami ma sun ruɗe, amma waɗanda aka cire wa shi daga taurarin nan mayen bai taɓa tunaninsu ba. A 2025 kuma ɗakin binciken Caroline Ménard na Jami'ar Laval a Kwibek ya ba da rahoton cewa ɓerayen da suka jure cin zalin wani ƙaton ɓera kwana da kwanaki, ba su guji 'yan'uwansu daga baya ba, sun fi sauran yawan CB1 a waɗannan ƙwayoyi, a daidai inda suke rungumar jijiyoyin jini suna tsare ƙwaƙwalwa daga abin da jini ke ɗauke da shi.

Wajibi ne a yi hattara a nan, domin ɓera ba ya faɗin abin da ke ransa. Ƙamewa da gudu da cin abinci kawai ake gani, mu ne ke sa musu sunan tsoro ko juriya. Kuma babu hujja a cikin wannan ga mai neman halatta wa kansa zuƙa, domin sinadarin gida ana ƙera shi ne a inda ake bukata, a lokacin da ake bukata, a rushe shi nan da nan, shi kuwa hayaƙi yana buɗe dukan ƙofofi a lokaci guda, na ƙaimi da na linzami da na taurari, ya daɗe bai fita ba.

Masu magani ma sun taɓa faɗawa cikin kishiyar wannan kuskure. Da suka ga buɗe CB1 na kawo yunwa, sai suka ƙiyasta cewa toshe shi zai rage ƙiba, aka ƙera wani magani mai suna rimonaban, Tarayyar Turai ta halatta sayar da shi a 2006. Ƙibar kuwa ta ragu yadda aka zata, sai dai tare da ita aka riƙa samun baƙin ciki mai tsanani da fargaba a cikin masu sha, har da waɗanda suka yi tunanin halaka kansu. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta taɓa amincewa da shi ba, a Turai kuwa aka dakatar da shi a watan Oktoba na 2008, shekara 6 bayan an ga ɓerayen Myunik a ƙame cikin akwatinsu.