Tayar Daji: Abin da Hanyoyin Kajuru Ke Nema a Ƙafar Mota

Kwaltar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Kujama da Kasuwan Magani, ta ratsa Kufana da Idon ta nufi Kachia, ita ce ɓangaren tafiyar da ba ya ba direba wahala sosai. Wahalar tana farawa ne inda aka sauka daga kanta. Hanyoyin ƙauyukan Kajuru burji ne da marmara, wani wurin kuma fako ne da dutse ya leƙo ta cikinsa, irin duwatsun da wani Bajamushe ya hau kan ɗaya daga cikinsu ya gina shahararren gidan nan na Kajuru a shekarun 1980. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa na zuba, jar ƙasar ta koma taɓo mai santsi, ƙoramu su cinye mashigi. Da rani ya kama sai taɓon ya bushe ya bar kwazazzabai masu kaifin baki. Haka abin yake ta wajen Zonkwa da Kagoro da Kafanchan. Hilux ɗin da ke kai allurar rigakafi, da a-kori-kurar mai sayen masara da citta, da jif ɗin ɗan gari da ya zo gida hutun Kirsimeti ko Sallah, duk kan roba huɗu suke tsaye, kuma a nan ne mafi yawan tafiye-tafiye ke lalacewa.

Taya iri uku ce ake sayar wa masu irin waɗannan motoci, kuma kowace da harufanta a jiki. Mai H/T ta kwalta ce: zanenta ƙanana ne, ba ta ƙara, ba ta shan mai, amma laka na cike zanen nan take ta mai da ita kamar suɗaɗɗiya. Mai M/T ta taɓo ce, haƙoranta manya da wawakeken fili a tsakaninsu don ta riƙa watsar da laka tana juyawa. Tana da ban sha'awa a ido, shi ya sa samari ke sonta. Sai dai a kan kwalta tana gurnani, tana saurin cinyewa, kuma in ruwa ya jiƙa titi birki ba ya kama ta kamar sauran. Ta tsakiya ita ce A/T, wadda kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fara fitar da irinta ta zamani a 1976. Ga mutumin da zai yi rabin tafiyarsa a kan titin Kachia, rabi kuma a burji, A/T ce ta dace. M/T sai ga motar da aikinta shi ne shiga gona da fadama a watan Agusta, wadda ba ta cika ganin kwalta ba.

Zane shi ne abin da mai saye ya fara dubawa, amma gefen taya ya fi shi muhimmanci a wannan ƙasa. Ƙusa takan shiga ta kan zane, mai faci ya toshe, a ci gaba da tafiya. Kututturen da aka sare a bakin gona da bakin dutse kuwa gefe suke yanka, kuma gefen da ya tsage ba ya gyaruwa. Gefen taya yana lanƙwasawa ne a duk juyi ɗaya, saboda haka duk facin da aka manna a wurin zai saki, ko yau ko gobe. Masu faci da yawa za su ɗinke shi su sa tub a ciki, su ce ta yi. Za ta iya fitar da mutum daga daji a hankali. Ba ta cancanci hawa titin Kaduna da gudu ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake neman taya mai harafin LT ko C, wadda aka yi wa ƙananan motocin ɗaukar kaya, domin jikinta ya fi na tayar motar gida kauri da ƙwari.

A wannan gefen dai aka rubuta duk abin da mai saye ke buƙatar sani. A ɗauki 265/65 R17 112S, lambar da ke kan tayar Hilux da yawa. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 265. Ta biyu na nufin tsayin gefen kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato kusan milimita 172. Sai 17, girman wili da inci. Ita 112 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,120, S kuma iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Wanda ya cire wilin inci 17 ya sa na inci 20 don ado, da taya 265/50, tsayin ƙafar motarsa bai canja ba, amma gefen ya ragu zuwa kusan milimita 132. Ya yi asarar santimita huɗu na iskar da ke tsakanin dutse da wili. A titunan Barnawa wannan ba komai ba ne. A hanyar Maro kuwa rami ɗaya ya isa ya matse robar a jikin wili ya fasa ta.

Shi kansa wilin, na baƙin ƙarfe ya fi rufin asiri a daji. Yana da nauyi, ba shi da ƙyalli, amma in ya bugi dutse lotsewa yake yi, a buga shi da guduma ya sake riƙe iska har a isa gari. Na alminiyam tsagewa yake yi, kuma walda ba ta mai da shi yadda yake.

Batun kaya ma a lambar tayar yake. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da direba da fasinja, wato buhun masara mai kilo ɗari bai kamata ya kai goma ba. Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwa lokacin kaka ya san ana loda fiye da haka, a ɗora mutane a sama. Tayar baya ce ke biyan bashin: tana lanƙwasawa fiye da ƙima, tana ɗaukar zafi, har wayoyin cikinta su rabu da roba.

Akwai kuma wata lamba da mutane suka fi tsallakewa. Bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa tana tsattsagewa, zafin rana na ƙara mata sauri. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gaya wa direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Kamfanin Michelin na Faransa ya fi sassauci: a riƙa kai ta ga masani duk shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma komai kyan zanenta. Mai tuƙi a ƙasar da kwalta ke ƙuna a watan Maris, da kaya fiye da ƙima, ya fi kusa da lissafin hukumar.

Dalilin da ya sa wannan lamba ta zama dole a Najeriya shi ne inda tayoyin ke fitowa. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya. Tsohuwar taya na cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su, amma 'yar Beljiyam, wato ta gwanjo, ba ta yanke a kasuwa ba. Wasu ma na ƙasashen sanyi ne, an haɗa robarsu don ƙanƙara, suna cinyewa da sauri a zafinmu. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kama sababbin tayoyi da aka cusa wasu cikin wasu a kwantena don rage kuɗin dako, abin da ke karya wayar bakin tayar tun ba a hau ta ba. Saboda haka sabuwa ma sai an shafa bakinta an ga bai lanƙwashe ba. Ba a zargin mai sayen gwanjo, tsadar sabuwa kowa ya san ta, amma in dole ta sa, a karanta shekarar, a leƙa cikinta a nemi tsohon faci, a matsa gefen a ga ko zai nuna tsaga.

Babbar mota ba ta hana taya fashewa. Ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan titin Kaduna zuwa Abuja, a cikin jif ƙirar Lexus. Binciken FRSC ya ambaci fashewar tayar baya, da gudu, da taka birki da ƙarfi bayan fashewar. Abin da ake koya wa direba in taya ta fashe shi ne ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya bar motar ta rage gudu kafin ya nemi birki.

Iska ita ce kulawar da ba ta cin kuɗi, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Awon da ya dace yana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba, na gaba daban, na baya daban, na ɗaukar kaya daban. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba awon tafiya ba ce. Mai faci da ya saba da bas da tifa yakan ɗura har geji ya nuna 50 ko fiye, ya buga tayar da sifana ya ce ta yi. Tayar da ta cika haka tsalle take yi a burji, tsakiyarta na cinyewa, dutse kuma ya fi saurin huda ta. A auna da safe kafin motar ta motsa, domin zafin tafiya na ɗaga awon, kuma kada a sace iskar taya mai zafi don an ga ta haura. Geji na aljihu bai kai kuɗin litar mai 'yan kaɗan ba.

A yashin rafi ko taɓo, rage iska zuwa wajen 20 yana shimfiɗa tayar ta kama ƙasa da kyau, motar da ta kafe takan fita da wannan dabara kaɗai. In aka yi ƙasa da haka sosai taya na iya zamewa daga wili. Sharaɗin shi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, saboda taya mai ƙarancin iska da gudu ita ce ke fashewa. Wanda ba shi da famfo a mota, gara ya bar iskarsa yadda take.

Sauran aikin ƙanana ne. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana son tayoyinta su zama girma ɗaya, zane ɗaya; in wata ta fi wata tsayi, giya da aksil ne ke shan wahala. A riƙa sauya musu wuri duk kilomita 10,000. Lakar da ta bushe a cikin wili tana sa sitiyari rawa, kuma wanki ne maganinta kafin a je wurin bakanike. In gefe ɗaya na zanen ya fi cinyewa, ramuka sun karkatar da ƙafar, sai an saita ta. Bayan an canja taya a ɗaure notuna ta tsallake-tsallake, a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50.

Safaya kuwa tana rataye a ƙarƙashin Hilux shekara da shekaru, laka na rufe ta, sarƙarta na tsatsa, ba wanda ya tuna da ita sai ranar da aka neme ta. A yankin da ya sha fama da hare-hare da satar mutane, tsayuwar awa biyu a daji da magariba ba ƙaramin abu ba ne. Masu ababen hawa da hukumomin da ke tura ma'aikata ƙauyukan Kajuru da Kachia su sauke safayar nan kafin ruwan farko, su karanta shekararta, su auna iskarta, su kuma tabbatar akwai jak mai aiki da guntun katako mai faɗi da zai tsaya a kai cikin taɓo.