Gwajin da ke hasashen makomar masu sankarar maƙogwaro

Mutum biyu za su iya kamuwa da sankarar maƙogwaro, a yi musu magani iri ɗaya, amma sakamakon ya sha bamban.

Masana sun ce sau da yawa bambancin yana ga musabbabin cutar: ko taba da barasa, ko kuma ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa.

Domin tantancewa, likitoci kan yanki ɗan nama daga ƙarin, su duba wani sinadari mai suna p16, wanda kan yawaita idan HPV ce sanadi.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya gano cewa kashi 82 cikin 100 na masu HPV suna raye bayan shekaru uku, a sauran kuwa kashi 57 ne. Sai dai shan taba yana rage wannan fifiko.

Hakan ya sa aka yi fatan sassauta wa masu HPV wahalar jinya.

Amma gwaje-gwajen da aka bayyana sakamakonsu a 2018 sun nuna cewa maye gurbin maganin cisplatin da cetuximab ya ƙara yawan mace-mace.